Saƙon da Bai Je Burkusuma Ba

Wanda duk ya tashi a Sabon Birni ya san halin gulbi da damina. Sai a wayi gari sama fes, ko ɗigo bai sauka a gari ba, alhali can wajen Isa da gabanta an kwana ana tafka ruwa. Kafin rana ta ɗaga, mashigin da jiya aka tura babur ruwa iya gwiwa ya zama abin da zai haɗiye raƙumi da kayansa. Da wuya damina ta wuce bai ci mutum ba, wata shekarar har ya ƙara.

Saboda haka ne wata ƙaramar ƙungiya da ke Sakkwato ta ce za ta yi manhajar gargaɗi. A baki abin ba wuya. Akwai wani masunci a Isa mai suna Is'haƙa, wanda ya san ruwa kamar yunwar cikinsa. In ya ga gulbi ya kawo, sai ya tura saƙo guda ɗaya, ita kuma manhaja ta watsa shi zuwa wayar duk wanda aka rubuta lambarsa, tun ruwan bai iso ƙasa ba. Wanda aka damƙa wa rubuta manhajar shi ne Marwan ɗan Tasalla, saurayi ɗan gari, wanda bai daɗe da dawowa daga koyon rubuta manhaja a Sakkwato ba.

Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, don haka ƙanen uwarsa, Kawu Malami na Burkusuma, shi ya tsaya masa. Kawu Malami ɗan kasuwa ne na babur. Ya ɗauko dabino da kanwa daga Nijar, ya koma da gero da atamfa, kuma ba ya shiga Sabon Birni ya fita bai leƙa gidan yayarsa ba. Shi ya sayo wa Marwan kwamfuta ta hannu a Maraɗi, tsohuwa, haruffanta a jere irin na Faransanci, har sai da yaron ya sha wuya kafin yatsunsa su saba. Tun ranar da ya ba shi ita bai ƙara kiran sa da sunan yanka ba. Injiniya yake ce masa, rabi tsokana rabi alfahari.

A Sakkwato Marwan ya faɗa hannun Malama Ruƙayyatu, ita ce babbar mai rubuta manhaja ta ƙungiyar. Mace ce marar yawan magana, kuma ba ta san wani abu wai shi lallashi ba. A farkon zuwansa ta taɓa barin sa ya wuni cur yana neman kuskure guda a cikin abin da ya rubuta, tana zaune kusa da shi tana aikinta, ta san inda kuskuren yake, ta ƙi faɗa. Sai da la'asar sakaliya ya gano, ashe ɗan ɗigo ne ya manta. Ya ji kamar ya yi kuka don haushi. Amma daga ranar bai sake manta ɗigon nan ba, ko cikin barci aka tashe shi.

Ana cikin haka sai ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo hannun kowa, wadda samari ke ce wa AI. Ka gaya mata abin da kake so da Turancinka na yau da kullum, kafin ka kurɓi shayi ta zubo maka rubutun manhaja shafi guda, tsaf-tsaf, har da bayani. Malama Ruƙayyatu ta raɗa mata suna ɗan aike. Ba ta hana kowa amfani da shi ba, ita ma tana yi. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa Marwan ranar da zai koma gida ya fara aiki.

"Ban hana ka aiken shi ba," in ji ta. "Amma dut abin da yak kawo maka, sai ka karanta shi, ka biya mani shi layi-layi awa karatun allo. Abin da ba ka iya biyawa ba naka na ba."

"In sha Allahu, Malama."

Da gaske yake yi lokacin da ya faɗa. To, amma wa ya taɓa samun ɗan aike mai ƙafa irin wannan ya ci gaba da zuwa kasuwa da kansa? A makon farko yana karanta duk abin da aka kawo masa. A na biyu yana karanta rabi. Daga baya sai ya gwada kawai, in abu ya yi aiki ya wuce, in bai yi ba ya kwashe kuskuren ya mayar wa ɗan aike ya ce gyara. Wunin nan na gumi da cizon yatsa ya tafi bai dawo ba, kuma Marwan bai yi kewarsa ba ko kaɗan.

Biyawar ma ya samo mata dabara. Da yake ta waya suke yi, tana Sakkwato yana Sabon Birni, sai ya sa ɗan aike ya rubuto masa bayanin kowane sashe, ya buɗe a gefe. In ta yi tambaya ya karanto mata, yana ɗan jan murya kamar mai tunani. Wani lokaci har ta ce, "Madalla, ka ci gaba." Yabon yana yi masa daɗi, yana kuma sukar sa a wani wuri can ciki, don ya san kallon kitse ake wa rogo. Sai ya lallashi kansa da cewa in aiki ya lafa zai zauna ya karanta komai daga farko. Aiki kuwa bai taɓa lafawa ba, ga damina ta ƙarato.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka ya bi kasuwanni yana karɓar lambobin mutane, Gangara, Unguwar Lalle, da ƙauyukan bakin iyaka. Ranar kasuwar Sabon Birni kuwa Kawu Malami ne ya fara zama gabansa, ya ture hula baya.

"Injiniya, rubuta tawa ta hwarko, kowa shi gani."

Ya zaro wayarsa daga cikin ledar da yake ƙulle ta saboda ruwa, ya karanto lambar bibbiyu-bibbiyu yadda mutanen Nijar ke yi. Layin Nijar ne, kamar na kusan kowa a Burkusuma, don can layin Najeriya ba ya kamawa sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu sama. Wannan ba labari ba ne ga Marwan, da shi ya tashi. Ya rubuta lambar da hannunsa. Kawu ya juya ya dinga kiran 'yan garinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa su zo ɗansa ya rubuta su.

Da ya koma ɗakin aiki, wani ɗan ɗaki mai sola da ƙungiya ta kama masa, ya ga lambobin sun zo a hargitse, wasu da tazara, wasu da ƙari, wasu an ci harafi. Ya ce wa ɗan aike, muna Najeriya, ga lambobin waya, a tsabtace su a zubar da marasa kyau. Ɗan aike ya zubo rubutu. Marwan ya gwada da wayarsa, ta yi ƙara. Ya gwada da ta Inna Tasalla, ta yi. Ya gwada da ta Malama Ruƙayyatu, ta yi. Ranar biyawa da suka iso wannan sashen ya ce, "Wanga gyaran lambobi na kawai, Malama." Ita kuma ga taro na jiran ta, ga hadari ya fara haɗuwa gabas, ta ce, "To wuce, mu je wurin aikawa."

Aka yi gwaji na gaba ɗaya. Fuskar kwamfuta ta nuna kore, ta ce an aika wa kowa. Mutanen gari suka dinga tare Marwan a hanya suna nuna masa saƙon a wayoyinsu.

Kasuwa ta gaba Kawu Malami ya leƙo ɗakin aiki da ƙullin dabino a hannu.

"Injiniya, an ce kun yi gwaji. Ni hwa salulata shiru." Kafin Marwan ya buɗe baki, shi da kansa ya kawo uzuri. "Ko da yake ran nan ba ni da caji, wuni tay yi kashe."

Marwan ya dubi fuskar kwamfuta, ga kore nan shar. Yana tsakiyar wani aiki, hankalinsa rabi yana can.

"Shi na dalili, Kawu. Kak ka damu. Ranar da ruwa yat taso za ka ji. In ka ji shiru, to hanya lahiya lau."

"Madalla. Na huta da kiran Is'haƙa ke nan."

Da can haka 'yan babur ke yi, kowa ya kira Is'haƙa da kansa kafin ya kama hanya, ko ya kira wanda ya kira shi. Tun da manhaja ta zo aka gaya wa mutane su daina damun bawan Allah, saƙo zai same su har gida. Suka kuwa daina.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo ranar kasuwa. Da sassafe wayar Marwan ta yi ƙara, ya duba, ga saƙon Is'haƙa: gulbi ya cika a Isa, ruwa na tafe, kada kowa ya ƙetare mashigi yau. Ya fita ƙofar gida ya ji wayoyi na kuka gida-gida. Masu niyyar ƙetarawa suka sauke kaya. Samarin da ke kwana bakin mashigi suna taya mutane tura babura suka tattara suka dawo gari, tun da an ce ba mai ƙetarawa. A kasuwa wani dattijo ya riƙe hannun Marwan ya daɗe yana sa masa albarka. Rabonsa da jin daɗi irin na wannan hantsi tun ranar da aka ba shi kwamfuta.

Bayan azahar labari ya shigo kasuwa. Ruwa ya tafi da wani ɗan babur daga Burkusuma.

Masu jirgi suka same shi can ƙasa wajen gonakin fadama, rigarsa ta sarƙe a saiwar itace. Kawu Malami ne. Aka kawo shi gidan yayarsa, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Tasalla ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta tana salati, hawaye na zuba, ba ta ko share su.

Wanda ke biye da shi a nasa babur lokacin da abin ya faru wani ɗan garinsu ne, Hafizullahi, wanda ya zagayo ta doguwar hanya ya iso ana haƙa kabari. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, mutane suka kewaye shi, ya ba da labari.

"Mun iso bakin ruwa, ba kowa. Nac ce mai, Malami, ruwan ga ya sake launi, ga kumfa ga ƙirare, kuma ina yaran da ka tura babur? Sai yat tsaya, yaz zaro salula cikin leda, yad duba. Yac ce man, 'Injiniya bai ce komi ba.' Yam maida ta aljihu, yash shiga. Bai kai tsakiya ba rairayi yag gudu ƙarƙashin ƙahwarshi."

Wani ya ce ajali in ya yi kira sai an je. Wani ya ce ai sabis ba shi da tabbas, saƙo na iya maƙalewa a hanya. Ba wanda ya dubi Marwan da mugun ido, kuma da sun dube shi da ya fi masa sauƙi. An sami wayar a aljihun mamaci, ƙulle cikin ledarta, ruwa bai taɓa ta ba. Kafin a miƙa wa wani ɗan garinsu don ya kai wa matarsa, Marwan ya karɓa ya buɗe. Da caji, da sabis. Babu saƙon safe, babu na gwaji.

Washegari da hantsi ya kulle kansa a ɗakin aiki. Abin da hannunsa ya saba shi ya fara yi, ya kwashe manhajar gaba ɗaya ya zuba wa ɗan aike, ya ce duba ko akwai kuskure. Ɗan aike ya duba ya ce komai daidai yake, har ya yaba tsarin. Ya sake tambaya ta wata fuska, me zai hana saƙo isa ga mutum? Aka jero masa dalilai, rashin sabis, waya a kashe, cunkoson layi. Kowanne mai hankali ne, kuma kowanne ya wanke Marwan tas.

Ya jingina da bango. Ga ƙofa a buɗe in yana so. Mutane sun ce ajali, na'ura ta ce ba kuskure, wa ya rage ya tuhume shi? Sai dai kuma kasuwa na dawowa, damina ko rabi ba ta yi ba, kuma 'yan Burkusuma za su sake tsayawa bakin ruwan nan su zaro waya cikin leda su duba. Tsoro ya kama shi.

Ya rufe ɗan aike. Ya buɗe manhajar daga layin farko.

Nan ya gane matsayinsa. Manhajar da gari duk ke kira tasa, ya shiga cikinta kamar baƙo a gidan da bai san inda randa take ba. Ga kalmomi ya san su ɗaya-ɗaya, amma in suka haɗu sai su ƙi yi masa magana. Abin da a Sakkwato zai karanta cikin numfashi guda, yanzu sai ya bi shi da yatsa ya koma ya sake. Sau da yawa hannunsa ya tafi da kansa zai buɗe ɗan aike, ya janye shi. Ya tashi ya yi azahar, ya dawo. Kansa ya yi ciwo. Ya tuna wunin ɗigo, ya tuna Malama zaune gefensa ta ƙi magana, sai yau ya san ba mugunta ba ce.

Da haka ya rarrafa har ya iso sashen da ya ce mata gyaran lambobi ne kawai. Gajere ne, bai cika tafin hannu ba. Ya karanta shi a hankali yana fassara wa kansa da Hausa. A ɗauki lamba. A cire tazara. In ba ta fara da sifili ba, ko ba ta cika goma sha ɗaya ba, a tsallake ta a ɗauki ta gaba. Tsallakewa kawai, ba ƙara, ba ja, ba a ko lissafa ta cikin waɗanda ba su samu ba. Shi ya sa kullum kore.

Lambar Kawu Malami a kansa take tun yana yaro. Ya ƙirga ta da yatsu, bibbiyu-bibbiyu, yadda mai ita ke faɗa. Takwas.

A saman sashen kuwa akwai layi guda na bayani da ɗan aike ya rubuta tun ranar farko, da Turanci mai sauƙi wanda ɗan firamare zai gane: wannan na lambobin Najeriya ne kawai, sauran za a tsallake su. Bai ɓoye ba. Ya faɗa, a rubuce, ya ajiye a inda duk mai karatu zai gani. Ya yi abin da aka aike shi, kuma bai taɓa zuwa Burkusuma ba balle ya san da wane layi suke kira. Wanda ya sani shi ne wanda bai karanta ba.

Marwan ya daɗe zaune. Can ya buɗe ɗan aike, ba don neman taimako ba, shi ma bai san don me ba. Ya rubuta masa cewa wannan sashe yana zubar da lambobin Nijar. Amsa ta zo nan take, da ladabi: ka yi gaskiya, a yi haƙuri da wannan, ga gyara. Sai ga sabon rubutu ya zubo, tsaf kamar kullum. Marwan ya dubi kalmar haƙurin nan, ya ga yadda ta fito da sauƙi. Ya kife kwamfutar ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Gyaran da aka ba shi bai ɗauka ba. Wataƙila ma daidai ne, amma ba zai iya sake ɗora ran mutum a kan wataƙila ba. Ya zauna ya rubuta nasa da yatsunsa a kan haruffan Faransancin nan. Ya ɓata, ya goge, ya sake. Abin da ɗan aike ya yi cikin ƙiftawar ido ya ci masa sauran yinin da safiyar washegari. Rubutun ya fito mummuna, dogo, kamar ɗinkin ɗan koyo. Amma ya karɓi lambar Najeriya, ya karɓi ta Nijar, kuma duk lambar da bai gane ba sai ya tsaya ya nuna ja da sunan mai ita. Da ya sake zuba lambobin ciki ya ga yawan waɗanda aka yi ta tsallakewa, sai da ya dafe kai. Kusan Burkusuma gaba ɗaya, da rabin ƙauyukan bakin iyaka.

Ya kira Malama Ruƙayyatu. Bai yi kwana-kwana ba, ya gaya mata komai, har da bayanin da yake buɗewa a gefe yana karanto mata.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji ta a hankali. "Ni nac ce ka wuce wurin ga. Ban manta ba." Ta ja numfashi. "Wanga da ka rubuta yanzu, da mi ka rubuta shi?"

"Da hannuna, Malama."

"Biya mani."

Ya biya. Yana tuntuɓe, yana komawa baya, ba jan murya ba ado. Ta tare shi da tambaya a wuri biyu, ya amsa ɗaya, ɗayar ya ce bai sani ba, suka zauna kanta tare har ya gane. Ba ta ce madalla ba. Ta ce za ta buɗe hanyar aikawa zuwa layukan Nijar daga can, kafin yamma komai zai hau. Sannan ta tambaye shi ko innarsa ta sani.

"Ba ta sani ba."

"To," in ji ta. Ta kashe waya.

Ranar sadakar uku ruwa ya janye, mashigi ya koma iya gwiwa kamar bai taɓa yin komai ba. Marwan ya ɗauki Inna Tasalla a babur suka ƙetare tare da sauran 'yan Sabon Birni masu zuwa gaisuwa. A tsakiyar ruwan ta rufe ido, ta riƙe shi gam. Duk tsawon hanya yana shirya maganar da zai gaya mata, duk wadda ya shirya sai ta rushe.

A Burkusuma an shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan mamaci, maza sun cika, mata na ciki wurin matarsa Kande. Aka yi addu'a, aka raba gumba da dabino, dabinon da ya rage cikin kayan da bai ɗauka ba ranar. Marwan ya karɓa ya riƙe, ya kasa kai wa baki. Sama fes, rana na dukan ƙasa. Baƙi suka fara gyara babura don su koma da wuri.

Sai wayar wani dattijo ta yi ƙara. Ta kusa da shi ta amsa. Kafin a ce me, tabarma gaba ɗaya ta ɗauka, aljihu bayan aljihu, har da na masu tsaye bakin babura. Hafizullahi ya zaro tasa ya karanta da ƙarfi: gulbi ya cika a Isa, ruwa na tafe, kada kowa ya ƙetare mashigi yau.

Masu babura suka kashe inji. Wani ya ce Allah ya kiyaye, da yanzu suna hanya. Dattijon da wayarsa ta fara kuka yana ta juya ta a hannu.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni tun da anka rubuta ni, yau na hwara ganin saƙon ga."

"Ni ma," in ji wani.

"Ni ma hakanan."

Maganar ta zagaya tabarma, sannan ta mutu. Hafizullahi ya ɗago kai ya dubi Marwan, ya daɗe yana kallon sa, ya sunkuyar.

Daga cikin gida aka leƙo aka ce Marwan ya shigo, innarsa na kira.

Ya same su a ɗakin Kande. Tana zaune kan tabarma cikin mayafin takaba, Tasalla na gefenta. A hannun Kande ga wayar Kawu Malami, har yanzu cikin ledarta, fuskarta na haske.

"Marwan," in ji Kande, muryarta a dushe, "abin ga ya yi kuka. Tun da anka kawo ta ba ta yi ba sai yanzu. Ban iya boko ba. Karanta man."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ledar ta yi laushi don yawan kwancewa da ƙullewa. Ba ya bukatar dubawa, amma ya duba, ya karanta mata kalma-kalma har ƙarshe.

Kande ta gyaɗa kai a hankali.

"Wanga shi na saƙon da yaka jira?"

"Shi na, Inna."

"Kullum za shi hita sai ya duba. Shi ce man, Injiniya bai yi magana ba, sai na dawo." Ta dubi wayar a hannunsa. "Ga shi ka yi magana."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba ta san abin da ta faɗa ba. Tasalla ce ta sani, don ita ta haife shi. Tun shigowarsa idonta na kan fuskarsa.

"Marwan," ta ce, "mi ya hana shi zuwa ran nan?"

A waje ana sauke kaya daga babura, ana neman inda baƙi za su kwana. Marwan ya ajiye wayar kan tabarma tsakaninsu. Ya gyara durƙuso. Babu abin da zai buɗe a gefe ya karanto.

"Inna," ya ce, "lambar Kawu takwas ta."

Daga nan ya fara.